Ramin da ke bangon gabas

Ƙasar unguwar Hajj Yusuf inda na samu fili baƙa ce, takan kumbura da damina ta tsage da rani. Na ga bangayen maƙwabta da tsagar da hannu ke shiga. Shi ya sa na sa mai walda ya kafa mini ginshiƙan ƙarfe don su ɗauki nauyin rufi. Daga nan ƙarfina ya ƙare. Mai gidan da muke haya a Omdurman kuma ya ce yana son ɗakunansa kafin ruwan farko.

Wani banki a Khartoum ya yarda ya saya mini kwanon rufi da ƙofofi, in riƙa biya wata-wata, gidan ya zama jingina. Amma sai na kawo takardar inshora, wadda muke ce wa tamin. Masu tamin kuma suka ce sai injiniyansu ya ga ƙarfen da idonsa.

Surukina bai san da wannan ba, don ni da shi ba mu wuce gaisuwa. Mai gasa bulo ne a Aljirif. Ya ji 'yarsa na shirin rasa wurin zama, sai ya kira gayya a makon da na tafi aiki Jabal Awliya. Ko da na dawo, bango ya tashi, an shafe shi da siminti. Ba a ganin ƙarfe ko kaɗan. Na je na yi godiya.

Injiniyan ya zo a raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango.

"Ina ƙarfen?"

Na ce, "Yana ciki."

"Malam, bari in rubuta ginin kankare ne, kowa ya huta."

"Ai ba kankare ba ne. In gobara ta tashi za su tono su gani."

Ya yi dariya. "Ko shiga ba ka yi ba, har ka fara ƙona gidan?"

Ban yi dariya ba. Ina tunanin shekarun da zan yi ina kwana ƙarƙashin takardar da na sa wa hannu a kan ƙarya. Na aro guduma wurin maƙwabci, na fasa kusurwar bangon gabas daga ciki. Bulon mai kyau ne, sai da na yi gumi. Injiniyan ya kankare ƙarfen, ya auna kaurinsa, ya ɗauki hoto, ya sa hannu. Kwano ya hau kafin ruwa ya sauka.

Ranar da muka tare surukina ya zo. Ya daɗe yana duban ramin, sannan ya juya wurin 'yarsa, ina tsaye.

"Tambayi mijinki, bulona ne bai yi masa ba?"

Ta yi masa bayanin tamin.

"To ƙarfen, ya same shi inda ya bar shi?"

"Ya same shi, Baba."

"Madalla."

Bai ce zai toshe ba, ni ma ban toshe ba, don duk shekara ake sabunta tamin, wataƙila wani ya nemi gani. Har yau ba wanda ya nema. Matata na ajiye ashana da turare a ciki. Surukina yana zuwa, yana cin abinci, amma kullum yakan gyara tabarma ya ba bangon gabas baya.