Ƙofar da Ruwa Yake Rufewa

Duk sanda aka ɗauke ruwan sama a unguwarmu ta Aboabo, na ji kwata tana gudu a bayan gida, sai in tuna da ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami. Allah ya jiƙansa.

Shekara bakwai ya yi yana aiki a jirgin ruwa a ƙasashen Turawa. Da ya dawo Tamale, wata la'asar a zaure, ya ba dattawa labarin kogin da jirgi yake hawa tudu. Ya ce ana gina wa jirgin ɗaki a cikin kogin, mai ƙofa biyu. Tsawonsa ya kai daga gidanmu zuwa masallaci, zurfinsa zai haɗiye bene. Jirgi ya shiga, a rufe bayansa, a sako ruwan da ke tudu a hankali, ruwa ya ɗaga shi da kayansa duka, sannan a buɗe gaba ya wuce. Har ya ce maƙera jirgi sai sun san faɗin ɗakin kafin su fara aiki.

Ka sani, mai karatu, mu mutanen rijiya ne da tulu. Kakanmu ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a saninsa ruwa gangara yake yi. Bai ƙara ba, amma da aka zo ɗaurin auren yayata, sai ya tsallake Baba Ƙarami ya kira maƙwabci shaida. A zango, wanda ba a karɓar shaidarsa ya zama abin tausayi, ko yana da rai da lafiya.

Baba Ƙarami ya jira damina. Ya zana ɗakin a takarda, ya rubuta awon da ajami, ya kai wa mahaifina, wanda kafinta ne. Suka tare kwatar bayan gida da katako da laka inda take gangara. Ni na samo gwangwanin kifi, aka ɗora masa goro ɗaya, shi ne jirgi. Warin ɗanyen katako da jar laka yana hancina har yau.

Mahaifina ya yi ƙofofin yadda ya saba yi wa ɗakunan mutane: miƙaƙƙu, da sakata. Dattawa suka taru. Da ruwa ya cika rabin ɗakin, sai ƙofar ƙasa ta ɓalle, gwangwani ya bi kwata, laka ta ɓata wa liman riga. Aka yi dariya. Kakanmu bai yi ba, ya juya ya shiga gida, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

Baba Ƙarami ya daɗe a tsugune. Can ya haɗa yatsun hannuwansa biyu kamar jinkar ɗaki, ya ce wa mahaifina, "Yaya, ni na manta. Can babu sakata. Ganye biyu ne, wato ƙyaure biyu, su haɗu da tsini yana fuskantar ruwan da ya fi tudu."

Mahaifina ya yi gunaguni cewa bai taɓa ganin ƙofa marar sakata ba, amma ya sake fiƙe katakon.

Bayan kwana uku aka sake ruwa. Wannan karon mutum huɗu kawai suka zo, kakanmu ma sai da kakarmu ta sa baki. Aka zare toshiyar ƙofar sama, ruwa ya riƙa shiga, gwangwani yana tashi a hankali har ya yi daidai da ruwan tudu. Kakanmu ya sunkuya, ya sa hannu ya ja ƙofar ƙasa. Ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙi. Ya tambaya wa ya riƙe ta.

Baba Ƙarami ya ce, "Ruwan ne, Baba. Yadda ya yi nauyi, haka take ƙara rufuwa."

Tsohon ya yi tasbihi, ya ɗauki goron daga gwangwani, ya raba biyu, ya miƙa wa ɗansa rabi. "Na zalunce ka," ya ce. "Ka yafe mini." Ranar Juma'a ya maimaita haka a ƙofar masallaci, gaban waɗanda suka yi dariya.

Yanzu an zuba wa kwatar siminti, babura ke bi ta kai. Kwanan baya jikana ya nuna mini irin wannan ɗaki a wayarsa, jirgi kamar unguwa guda yana tashi. Na gaskata nan take, ban tambayi kowa shaida ba, sai kuma na ji kunya ta kama ni a madadin zaurenmu. Na ɗauko takardar ajamin daga gafaka, na ce ya ƙara girman hoton. Ganye biyu ne, tsininsu yana fuskantar ruwa, babu sakata.