Ranar da Na Fizge Moɗa Daga Hannun Kakana

Akwai wata hantsi a filin makarantarmu, can ƙasar Galma, da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce ranar da ni, wadda ko gaisuwa sai an matso kusa ake jin muryata, na fizge moɗar ruwa daga hannun kakana a gaban mutanen gari.

Lokacin ina kwaleji, ajinmu ɗaya da ɗiyar kawuna, taubashiyata. Ita Allah ya yi mata baki. In ta tashi magana har malamai sukan ajiye alli su saurara. Ni kuwa ko na san amsa, da an kira sunana sai harshena ya yi nauyi. "Kurma" take kirana, kuma da yake wasan taubasai ne, ba wanda ya taɓa hana ta.

A shekarar, bayan damina ta ɗauke, tabkin bayan gari ya yi kore shar, samansa ya yi kauri kamar miyar kuka. Awaki suka fara mutuwa, har da jar akuyar innata, wadda na tarar kwance tana harba ƙafa, bakinta duk kore. Madam mai koya mana kimiyya ta ce wasu ƙananan halittu ne suka cika ruwan, suna zuba dafi a ciki. Tafasawa tana kashe su, in ji ta, amma dafin yana nan daram.

Sai ta haɗa mana wata dabara. Maƙeri ya yanko mata fale-falen ƙarfe biyu daga tsohon murfin tukunyar alminiyam, ta ɗaura musu waya, ta jona da batir ɗin moto, wato babur. Muka yanke kan wani farin bido, irin jarkar robar nan ta ɗibar ruwa, muka cika shi da ruwan tabki, ta tsoma ƙarfunan ba tare da sun taɓa juna ba. Can sai ƴan ƙananan kumfa suka fara hawa daga jikin ɗaya. Koren nan ya dunƙule, ya taso sama, ruwan ƙasa ya yi garau har kana ganin gindin bidon.

Ni ce nake goge ƙarfunan da toka da yashi bayan kowane gwaji, ba wanda ya sa ni. Ni na lura ɗayan ne kawai yake kumfa, ɗayan kuwa yana cinyewa da ƴan ramuka kamar gara ta taɓa shi. A hanyar gida na raɗa wa taubashiyata cewa dattin yana tasowa ne kamar kumfar tukunyar wake. Washegari ta ɗaga hannu ta faɗi haka a aji, kalma da kalma. Madam ta tafa mata. Har yau ban manta da tafin nan ba.

Da bikin makaranta ya matso, Madam ta ce za a nuna wa iyaye aikin, kuma ɗaya daga cikinmu za ta bi ta Madawa, taron makarantu. Ban taɓa son wani abu kamar tafiyar nan ba. Ta ba taubashiyata bayani, ni ta ba ni riƙon waya. Amma ta ce ba ta yanke wadda za ta tafi ba tukuna, sai ta ga kowa a ranar. Sannan ta ja mana kunne: "Kada kowa ya sha. Lantarki ya kwashe da yawa, amma ido ba ya ganin dafi. Sai an kai an auna."

Ranar bikin taubashiyata ta zo da sabon zane mai ruwan goro, ga lalle har wuyan hannu. Tana bayani ana gyaɗa kai, ni ina durƙushe gefen batir. Kowa ruwan yake kallo yana washewa. Ni ita nake kallo. Ina kallon yadda take karya wuya in ta faɗi kalmar Faransanci, da yadda take taɓa ɗan kunnenta in an yi dariya. Jira nake ta yi tuntuɓe ko da a kalma ɗaya ce. Ba ta yi ba.

Ruwa ya yi garau, ta ɗebo da moɗa ta ɗaga sama don kowa ya gani. Daidai nan direkta, shugaban makarantarmu, ya kira Madam ta gaida wani baƙo. Kakanmu, wanda ya haifi innata da uban taubashiyata, yana zaune a bencin gaba, ya taso daga gona da ƙafa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Sai ya miƙa hannu.

"Ke ƴar boko, kawo in ji ko wutar ta sa mishi gishiri. Tun safe ban jiƙa maƙoshi ba."

Na ga yatsunta sun matse moɗar. Na ga idonta ya tafi neman Madam, ya dawo. A wurinmu yarinya ba ta ce wa dattijon da ya roƙi ruwa a'a, balle kakanta, balle cikin taro. Sai ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Kun ga tarbiyya."

Wata murya a zuciyata ta ce, zauna abinki, in ya sha laifinta ne, yau Madawa ta zama taki. Amma sai na ga maƙogwaron tsohon yana motsi tun kafin ruwan ya kai bakinsa, na tuna bakin jar akuya. Ihu ba zai fito mini ba, na sani. Abu ɗaya ne jika take da ikonsa a kan kaka, shi ne wasa. Na saki waya, na taka, na fizge moɗar.

"Tsoho, wannan ba na marasa haƙori ba ne."

Ruwan ya kife kan sabon zanen taubashiyata. Fili ya ɗauki dariya. Kakana ya ɗaga sanda yana cewa, "Ku kama mini ɓarauniyar nan." Wata mata ta ce, "Kishi ne, an bar ta da riƙon waya." Direkta ya harare ni, ya ce na ɓata biki a gaban baƙo. Na tsaya da moɗa a hannu, na san matar nan ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya.

Taubashiyata ce ta tafi Madawa. Ranar da mota ta ɗauke su ita da Madam na laɓe bayan rumbu ina kallo, kuma ban yi mata murna ba. Amma da yammacin bikin, tare muka kama hanyar gida. Sai da muka kai bakin tabki ta ce, "Kurma, ashe kina da hannu. Da ya sha, ban san inda za ni sa kaina ba." Muka ɗan ƙara tafiya, ta ce, "Zanen dai ke za ki wanke shi."

Madam ta ɗebi ruwan a kwalba ta tafi da shi an auna. Da ta dawo ta same ni ina goge ƙarfuna, ta ce an tarar da sauran dafi a ciki, aikin namu da saura. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Kowa ruwa yake kallo. Ya aka yi ke kika ga taubashiyarki ta rasa yadda za ta yi?" Na ci gaba da shafa toka.

Kakana kuwa har ya bar duniya, in na kawo masa ruwa sai ya rungume moɗar da hannu biyu, ya juya mini baya kafin ya sha.

Yanzu da na girma na gane kishi ba ya fita daga zuciya don an so ya fita. Nawa bai fita ba a ranar, bai fita ba bayan shekaru. Shi ne ma ya kafa idona a kanta har na ga abin da kowa bai gani ba. Abin da na koya shi ne, ba ni da iko a kan abin da ya taso mini a rai, amma ina da iko a kan abin da hannuna zai yi da shi.