Ciyawar Bakin Teku a Tukunyar Sabulun Inna

Shekarun baya, ina ajin farko a kwalejin horon malamai a Sakkwato, wata cuta ta kama ni wadda ba a sayar da maganinta a kemis: son baƙin kalmomin Turanci. Ba irin waɗanda kowa ke ji a rediyo ba, irin waɗanda ko malaminmu sai ya gyara tabarau ya ce zai duba mini. Na tsinci wani tsohon ƙamus a wajen masu baza littattafai a ƙasa, ba bango, ba shafukan farko, daga tsakiyar harafin B ya fara. Abin da ya sa na maƙale masa shi ne, in ya gama gaya maka ma'anar kalma, sai ya ƙara da inda ta fito da yaren da ya haife ta.

A nan na ga "gossamer", sunan siraran zaren gizo-gizo da iska ke yawo da su. Wai asalinta kalmomi biyu ne, dinya, tsuntsuwar nan ta ruwa, da bazara, domin a ƙasarsu zaren yana yawaita ne a lokacin da ake cin naman dinya. Na kwana uku ina neman wanda za ni jefa wa ita cikin hira, ban samu ba.

Amma waɗanda suka fi ɗauke mini hankali su ne sunayen tsirran bakin teku, ni da babban ruwan da na taɓa gani shi ne gulbin garinmu in ya cika da damina. Akwai "marram", ciyawar da ke riƙe tudun yashi kada iska ta kwashe shi. A tsohon yaren mutanen arewacin Turai ma'anarta karan teku. Akwai "samphire", wadda ta fito daga Faransanci, an laƙaba mata sunan wani waliyyinsu da aka ce masunci ne, bakin Ingilishi ya tauna sunan har ya koma haka. Akwai "scurvy-grass", wadda matuƙan jirgin ruwa ke ci in daɗewa a teku ya sa dasashinsu zubar da jini. Kowace kalma da labarin mutane a bayanta. Har yau in na tuna daɗin da na ji a lokacin, ba na jin kunyarsa.

Sai na iso kan "glasswort". Rabin farko gilashi ne, rabi na biyu tsohuwar kalma ce da ke nufin tsiro. Ƙamus ya ce tsiro ne mai kauri, mai ruwa a jiki, yana yin ja in ya girma, yana fitowa a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai gishiri, kuma a da ana ƙona shi a yi gilashi da sabulu da tokarsa. Babu hoto. Da na karanta sabulu da toka a layi ɗaya sai na sake karanta layin, domin wannan sana'ar gidanmu ce.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, ita ce mai sabulun salo a unguwarmu a Isa. Bayan girbi take ƙona karan gero ta tara tokar a wata babbar tukunya mai huji a gindi. In za ta yi aiki sai ta zuba ruwa a sama, ya bi ta cikin tokar ya tsiyaye a ƙwarya, da wannan ruwan take dafa kitse da man gyaɗa har su zama sabulu. A wannan shekarar ta sayar da duk abin da za ta sayar, ta bar tukunyar toka guda da man gyaɗa da kitsen ragon layya, ta ce ba mai taɓa su. Yayata tana da cikin fari a Sabon Birni, za a kawo ta gida ta haihu. A gidanmu kaka ce ke dafa sabulun wankan farko na jikanta. Uwar Inna ce ta dafa namu, ni da yayata, yanzu kuma abin ya zo kan Inna, kuma wannan ne jikanta na fari.

Na zo hutu da damina, da ƙamus a hammata. Wata rana mun sauka fadama da abokina, Bafulatani ne, tare muka tashi, shi ya bi shanu ni na bi boko. A gefen wani kududdufi, inda ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, na hango wata ciyawa kwance, jijiyoyinta jajaye masu kauri. Na tsinka, ruwa ya fito. Na tauna, na ji ɗan tsami da wani abu da na rantse gishiri ne. Na buɗe ƙamus a tsaye na sake karantawa: mai kauri, mai ruwa, ja, jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk huɗun sun cika.

Na ce wa abokina, “Ka san sunan wannan? Glasswort. Da ita Turawa ke yin gilashi.”

Ya dube ta, ya dube ni. “Wagga ai halshen saniya ta. Tun yaushe ta koma Baturiya?”

Na ce masa matsalarmu ke nan, muna taka arziki da ƙafa ba mu sani ba. Ya ce to, Allah shi ba da sa'a, ya kora shanunsa.

Lissafin da na yi a raina mai sauƙi ne. Tokar da ke iya yin gilashi, in aka yi sabulu da ita, ai fari tas zai fito, ba baƙi irin na Inna ba. Na hango jikan gidanmu ana yi masa wanka da sabulun da ba a taɓa ganin irinsa a Isa ba, ana tambaya wa ya yi, ana nuna ni. Ban gaya wa Inna ba, don so nake ta gani kawai ta riƙe baki.

Na cika buhu biyu na shanya a kan rufin rumfar awaki. Duk wanda ya san harshen saniya ya san ba ta mutuwa da daɗi. Kwana tara tana kan rufi, maimakon ta bushe sai ta fara fure. Inna ta tambaye ni ko kiwon zomo za ni fara, na ce aikin makaranta ne. Daga ƙarshe na zare kara daga darni na haɗa na cinna mata wuta, hayaƙi ya kori kajin gidan gaba ɗaya. Buhu biyun nan suka ba ni toka cikin tafi uku, rabinta ma yashi.

Ana haka aka yi rasuwa a danginmu na Tozai, Inna ta tafi gaisuwa za ta kwana a can. Mahaifina yana gona daga safe har la'asar, ba ruwansa da harkar murhu. Na samu fili. Ina bukatar tukunya mai huji, don haka na juye tokar Inna a kan tsohuwar tabarma a bayan ɗaki, da niyyar in mayar in na gama. Na zuba tafi ukuna, na kwarara ruwa tulu guda, abin da ya tsiyaye na haɗa da kitsen da man, na ɗora a wuta.

Na juya har hannuna ya mutu. Mai yana sama, ruwa yana ƙasa, kowa ya kama gabansa. Na ce wuta ce ba ta isa ba, na ƙara itace. Ruwan ya ƙone, kitsen ya fara ƙauri. Ina tsaye ina tunanin ko ƙamus ya faɗi wani abu da na tsallake, sai hadari ya taso daga gabas da azahar. Na ja tukunya cikin rumfa, na kwashe itace, na ɗauke littafina kada ya jiƙe. Sai da ruwa ya ɗauke na tuna da tabarmar bayan ɗaki. Na tarar da baƙin kwata yana gangarawa zuwa rariya.

Washegari da hantsi Inna ta dawo. Ƙaurin ne ya fara tarbar ta tun daga zaure. Ta leƙa tukunyar mai, ta leƙa mai hujin, sannan ta juyo.

“Ina habɗina?” Haka take kiran toka.

Na nuna bayan ɗaki. Ta je ta daɗe a tsaye. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi, amma da ta dawo sai ta zauna a kan turmi ta ce in gaya mata abin da ya kai ni. Na buɗe ƙamus na fassara mata layi-layi. Abin mamaki, saurare take da gaske.

“Ita wagga ciyawa tasu, ina taka tsira?”

“Bakin teku, Inna.”

“Teku da anka ce ruwanta gishiri na?”

Na ce e.

“To ita gishiri tas sha tun tana ƙarama, shi taka bari cikin habɗi. Taka mi tas sha, in ba ruwan kududduhi ba?”

Na ce ai gero ma ruwan sama yake sha. Ta ce gero wata huɗu yana tsotson ƙasa, kuma dami nawa take ƙonawa kafin ta cika tukunya guda? Sannan ta tambaye ni ko na sa wa ruwan tokar harshe kafin in zuba. Na ce littafin bai ce a yi haka ba.

“Ruwan da bai ciji halshe ba, ba shi cizon mai,” in ji ta. “Kowace ɗiya ta san wanga.”

Tsakiyar damina ba kara busasshe in ba na darni ba, ba inda za a ƙona sabo. Sai ta ɗora mini kwano ta ce in bi gidajen tsofaffin unguwa in roƙo toka, wadda aka ajiye ta kara, ba ta murhu ba. Haka ɗan kwaleji ya bi gida-gida da kwano. Labari ya riga ni isa ko'ina. Wata tsohuwa ta ce, “Malam, an ce kowa ya ƙona rumbunai ya san inda toka ka tsada. Kai ina kas samu kassuwa?” Ta zuba mini ludayi biyu tana dariya har da hawaye. Wata ta ba ni ta karan riɗi, ta ce ta fi ta gero cizo, a yi hankali da ita. Wata ta ce ta dawa sanyi gare ta, sai an haɗa. Ban taɓa sanin toka iri-iri ce ba, ni da aka goya a bayan mai sabulu.

Kwana uku muna tarawa. Inna ta tace man, ta zubar da wanda ya ƙone, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ta tsiyaye ruwa, ta ɗiga a harshe, ta yamutsa fuska, ta ce yanzu an zo wurin. Ranar da ta ɗora tukunya a wuta, ranar aka kawo yayata daga Sabon Birni. Mun ɗauka da sauran mako biyu kafin ta haihu. Kwana ɗaya ta yi a gida, da safe naƙuda ta tashi, kafin rana ta take tsaka ta haifi mace.

Ina tsakar gida na ji ungozoma ta ɗaga murya daga ɗaki tana cewa a kawo sabulu. Sabulun Inna yana cikin tukunya, ruwa-ruwa, ko kama jiki bai yi ba. Mata sun cika gidan, kuma duk cikinsu ba wadda ba a wanke ɗanta da sabulun Inna ba. Inna ta taso daga gindin murhu ta kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

“Tahi shago ka sawo na takarda.”

Na tafi da gudu na dawo. Ta ɓare takardar da kanta, ta shinshina, ta miƙa ta bakin labule. Ba ta shiga ba. Ta koma gindin murhu ta ci gaba da juya tukunyarta, bayanta yana kallon mutane. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan ranar ba.

Bayan kwana huɗu sabulun ya yi, curi uku ƙanana, baƙi ƙirin, kuma da shi aka yi wa jaririyar wanka har aka yi arba'in. Amma wankan farko sau ɗaya ake yin sa. Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ko da wasa, kuma shirun nan ya fi mini duka ciwo.

Ban daina son kalmomi ba, yanzu ma abin da nake koyarwa ke nan. Sai dai na gane waɗanda suka raɗa wa glasswort suna ba a ɗakin karatu suka raɗa shi ba. Mutane ne masu hayaƙi a ido da toka a farce, irin Inna, kuma da sun haɗu da ita, da sun fi fahimtar juna fiye da yadda ni na fahimce su da ƙamus ɗina.

Bayan shekaru, da waya mai hoto ta zo hannuna, na nemo glasswort na gani da idona. Ba ta da ko kama da harshen saniya, wasu 'yan gaɓoɓi ne tsaye kamar yatsu. Na kai wa Inna, lokacin ƙarfinta ya ragu ta bar dafa sabulu. Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

“Ashe ko ganye ba ta da,” ta ce. Ta tambaye ni tsawonta, da ko shanu na cin ta, da ko tokarta fara ce ko baƙa. Wasu na amsa, wasu ban sani ba. Sannan ta miƙo mini wayar.

“Ni ma tun rannan nika son in san yadda habɗinta ka cizo. Da ka hwaɗa min, ɗan nan, ai da mun gwada taka tare, da mai cokali guda.”