Saukar da Baba Ya Yi wa Jam'iyyar Yayana

Ni daga aji biyu na sakandare na ajiye biro. Yayana shi ne ya wuce makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, daga can jami'a, daga can sai Jamus. Ni kuwa na taɓa ɗinki, na taɓa dakon kaya a Rijiyar Zaki, na taɓa gyaran babur, ba wanda na zauna a kansa. Damina ta dawo da ni gida gonar gero, sai aka mai da ni mai riƙe waya. Baba malami ne, yana karantarwa a zauren gidanmu, ba ya taɓa wayar shafawa. Inna ma haka. Duk abin da zai fito daga Jamus ta hannuna yake bi.

Aikin ya yi min daɗi, don yayana ne kaɗai yake min doguwar magana. A gida umarni ake ba ni, a shagon mai shayi kuma zolaya ce. Shi kuwa sai ya turo saƙon murya mai tsawo, in sa a kunne ina noma, in ji kamar yana kunyar da ke kusa da tawa.

Wata rana ya turo hoto. Yana tsaye bayan wani ɗan tebur a dandali, an kafa lema, yana riƙe da takardu. Gefensa wata tsohuwar Baturiya da samari biyu. Mutane na wucewa, ba mai kallonsu.

Na ce, "Yaya, me kake sayarwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba na sayar da komai. Jam'iyyarmu ce, kamfe muke yi."

"Ina jama'ar? Ina motoci, ina makaɗa?"

"Mu ke nan. In ka tara 'yan jam'iyyar na garinmu kaf, inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu za ta ishe su, awaki ma su samu wuri."

Kafin ya yi min sauran bayanin na riga na nuna wa Inna hoton, don kowane hoto nakan nuna mata. Sai washegari ya faɗa min abin da jam'iyyar take so: a tafiyar da gwamnati da hankali da binciken kimiyya, kada addinin kowa ya zama dokar ƙasa, kowa ya riƙe imaninsa a gidansa. Ya ce da yawansu ba su da addini sam. Tsohuwar nan ce ta dinga kai masa abinci lokacin da ciwo ya kwantar da shi, ba kowa nasa a kusa, ta nan ya san su.

Na ce, "Kana sallah dai?"

"Ina yi. Amma kar ka kai wa Baba wannan maganar."

To, Inna ta riga ta faɗa wa maƙwabciya. Kafin Juma'a gari ya ɗauka, ɗan Malam ya shiga siyasa a ƙasar Turawa. A shagon mai shayi aka sa min suna ƙanin Onarabul. Wannan ya ce in tuna da shi a rabon taki, wancan ya ce burtsatse unguwarsu take so. Mai shayin ma ya ce in an rantsar da yaya a saya masa firji. Ni ma ina taya su dariya.

A wajenmu duk wanda ya fito neman kujera, ko ta kansila ce, sai an yi masa saukar Alkur'ani kafin zaɓe. Ana tara malamai, a raba musu izu-izu, su karanta, a yi addu'a, a raba waina da goro. Baba ya yi wa 'ya'yan wasu da yawa, ina ga nasa. Da labarin ya kai kunnensa, sai ya aika wa malamai har na Tofa. Shi kuwa yayana ko takara ba ya yi, takardu kawai yake miƙa wa masu wucewa.

Da na faɗa masa sai muryarsa ta canza. "Ka hana," ya ce.

"Da wane bakin?"

"Ba na so Baba ya tara malamai a kan abin da bai sani ba. Yaudara ce."

"To ka faɗa masa da kanka. Ga shi can a zaure."

Ya ce, "Ba zan iya ba."

Shi ke nan aka bar ni da ita. Ba abokin da zan yi wa zancen, don irin wannan magana in ta fita, sunan gida take ɓatawa, kuma gidan malami ne. Na yi kwanaki ina shiga gero in tsaya inda ba mai ganina. In na yi shiru, an yaudari Baba. In na yi magana, na karya abin da yaya ya roƙe ni, wataƙila ma Baba ya daina amsa gaisuwarsa.

A gona na faɗa wa Baba, da rana, muna hutawa a gindin ɗorawa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Baba ya daɗe yana kallon fartanyarsa.

"Shi yana sallah?"

"Ya ce yana yi."

"Ka gani?"

"Ta ina zan gani, Baba?"

"Miƙo hoton."

Ranar ya fara riƙe wayar da hannunsa. Ya kawo ta kusa da ido, ya matsar da ita nesa. Na zata zai tambayi rubutun da ke jikin lemar. Sai ya ce, "Ya rame." Ya miƙo min, ya tashi ya koma kunyarsa.

Ba a fasa sauka ba, an riga an gayyaci mutane. Da aka kammala, Baba ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya tsare masa ɗansa, ya tsare masa imaninsa, ya haɗa shi da mutanen kirki. Bai ambaci zaɓe ba. Wani tsohon malami ya ga kamar mantuwa ce, sai ya cike masa: Allah ya ba jam'iyyar yaron nan nasara. Zaure ya ɗauka da amin. Ina raba goro, idona yana kan Baba. Bakinsa bai motsa ba.

Zaɓe ya zo ya wuce, jam'iyyar ba ta samu ko kujera ɗaya ba. Mai shayi ya ce ai maguɗi ko'ina akwai shi, aka bar kirana ƙanin Onarabul.

Na gaya wa yaya duk yadda aka yi, har maganar gindin ɗorawa. Ya ce, "Ka kyauta." Ban san ko da gaske yake ba. Har yau suna gaisawa da Baba, ni nake riƙe musu wayar a tsakani: lafiya, ruwan sama, gero, lafiyar Inna. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen. Sai dai doguwar maganar nan ta ƙare. Yanzu saƙonsa gaisuwa ce gajeriya, irin wadda kowa a gidan zai iya ji, da hoton titi ko na abinci.

Tsofaffin saƙonnin suna nan, ban goge ba. In na shiga gona su nake sawa a kunne, har na haddace inda yake yin dariya.