Bajon Garba Birkila a Ofishin 'Yan Sanda na Sabha

Har yau ban manta da ranar Talatar da aka kira ni markaz, wato ofishin 'yan sanda na Sabha, in yi tafinta a kan maganar Garba birkila ba. Ku da kuka fara wannan aiki na tafinta kwanan nan, ya kamata ku ji ta.

Shekarun da kuɗin man fetur ke zuba a Libiya ne, ko'ina gini ake yi. Ni mutumin Damagaram ne, ina aiki da wani kamfani da ke gina gidaje a unguwar Hajara. Aikina riƙe takardun leburori: jawaz, wato fasfo, da iƙama, wato izinin zama. Da yake ina jin Larabci da Faransanci, duk wanda 'yan sanda suka riƙe cikin mutanenmu, ni ake turawa.

Garba Bakano ne, magidanci, hannunsa na da kyau a gini. Ya je gida hutu a shekarar da sojojin Nijeriya ke shirin miƙa mulki ga farar hula, ya tarar ana ta yaƙin neman zaɓe. Da ya dawo sai ya zo mana da tsaraba, bajo-bajo na jam'iyyarsa, irin waɗanda ake maƙalawa a riga. Ya rarraba wa abokan aiki. Ni ma ya ba ni ɗaya, na jefa cikin akwati. A lokacin ban ga abin tsoro a ciki ba, kuma wannan sakacina ne, don na fi shi sanin ƙasar.

Ga yadda abin yake. A Nijeriya a wannan shekarar, shiga jam'iyya haƙƙin kowa ne. A wajenmu Nijar soja ke mulki, an dakatar da jam'iyyu, wanda ya yi taurin kai jandarma su ɗauke shi. A Libiya kuwa cewa ake jama'a da kansu ke mulki ta hanyar kwamitoci, saboda haka ba a bukatar jam'iyya. Wanda ya kafa ta, ko ya shige ta, ko ya kira wani zuwa gare ta, hukuncinsa na iya kaiwa ga kisa.

Ran Talatar da safe 'yan sanda suka shiga masaukin leburori a unguwar Abdulkafi neman marasa iƙama. A jakar Garba suka sami katin jam'iyya mai hotonsa, da ragowar bajo guda huɗu.

Da hantsi na isa. Aka shigar da ni wajen naƙibi, wato kyaftin, wani dogon mutum mai furfura a saje. Gefensa akwai magatakarda da zai rubuta mahadar, wato takardar da ake zuba tambaya da amsa, a sa hannu. Ƙaramin laifi, mahadar na tafiya wajen mai gabatar da ƙara, daga nan kotu. Amma in aka rubuta cewa magana ta siyasa ce, wani ofishi dabam ake kai mutum, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo daga can ya ba da labari ba.

Garba na zaune a benci, an cire masa takalmi. Yana ganina ya ce, "Malam Isufu, gaya masa a ba da belina. In kuma kotu ce, a nemo mini lauya. Ai ban yi sata ba."

Na ce, "Garba, nan ba Kano ba ce. Ka amsa abin da aka tambaye ka kawai."

Naƙibi ya ɗaga katin ya ce in tambaye shi na mene ne. Garba ya ce, "Na jam'iyyarmu ne."

Kalmar ta faɗa kunnen naƙibi, don Larabci ce. Amma a Larabci jam'iyya ƙungiya ce kawai, kamar ta manoma ko ta taimakon juna. Abin da mu muke kira jam'iyya, su hizbu suke cewa. Ya dube ni ya ce, "Jam'iyya ko hizbu?"

In na ce jam'iyya, ban canja ko harafi ɗaya daga maganar Garba ba, kuma wataƙila a sake shi kafin azahar. Amma katin da Turanci aka rubuta shi, kuma a garin akwai likitoci da injiniyoyi baƙi da za su karanta masa cikin minti ɗaya. In aka gane na karkatar da magana, mu biyu za a kai. In kuma na ce hizbu, da bakina na tura uban 'ya'ya biyar inda ba a dawowa.

Na ce da naƙibi, "Afandi, hizbu ce. Amma a ƙasarsu dokar gwamnati ce ta buɗe ta, har a rediyo ake kiran mutane su shiga. A can ya karɓi katin. Nan babu akwatin zaɓen da zai kira wani ya jefa wa ƙuri'a. Tsaraba ya ɗauke su, kamar goro."

Magatakarda ya ɗora alƙalami zai rubuta. Naƙibi ya ɗaga masa hannu, ya dakata.

Sai naƙibi ya ce in tambayi Garba mutum nawa ya ba bajon. Na tambaya. Garba ya fara lissafi da yatsu, ya buɗe baki, sannan ya dubi fuskata. Ban san abin da ya gani ba. Ya sauke hannunsa ya ce, "Ban ba kowa ba. Duka ke nan." Na fassara kamar yadda ya faɗa, ina sane cewa ɗaya na cikin akwatina.

Naƙibi ya daɗe yana jujjuya bajo ɗaya a tafin hannunsa. Daga nan ya shiga yi wa magatakarda shifta: an sami baƙo da kayan bugun maɗaba'a da suka shigo ƙasa ba tare da izini ba, an ƙwace su, an soke iƙamarsa, a yi masa tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsa. Kalmar hizbu ba ta shiga takardar ba. Garba ya dangwala yatsa, ni na sa hannu a matsayin tafinta.

Na kai bakin ƙofa sai naƙibi ya yi magana, da Hausa, irin ta fataken hamada: "Tafinta, kai ma tafi ka share ɗakinka."

Ban san yadda na isa gida ba. Da rana tsaka na bi abokan aikinmu ɗaya bayan ɗaya na karɓe bajon, muka cusa su cikin kankaren da ake zuba wa harsashin wani gida.

Bayan mako guda aka ɗora Garba a kamyo, wato babbar motar kaya, mai zuwa iyaka. Na kai masa kayan aikinsa. Ya karɓa, bai dube ni ba. Ya ce, "Malam, kalma ɗaya aka tambaye ka, ka zaɓi wadda ta raba ni da abincina." Shi ya rufa mini asiri, kuma a ganinsa ni na tona nasa. Ban sake jin labarinsa ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu suna ƙetare iyaka da dokar garinsu a ka, suna zaton tana biye da su. Beli, lauya, jam'iyya, haƙƙi, kowace ƙasa da abin da take nufi da su, wata ma ba ta san su ba. Tun daga ranar, duk leburan da ya sauka, kafin in karɓi fasfonsa sai na zaunar da shi na ce ya zazzage jakarsa a gabana, in gaya masa abin da ke halas a gida amma yake kisa a nan. Tafintan da ya jira sai an shiga gaban naƙibi kafin ya yi wannan bayani, ya riga ya makara, kamar yadda na makara a kan Garba.