Dalilin da Kofur Ya Bar Aiki

Kofur bai taɓa zama kofur ba. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, saboda yadda yake goge kakin gadi har karin wandon ya yi kaifi, da yadda yake sara wa duk motar da ta shigo, ko da ta kwasar shara ce. Shekara goma sha uku yana gadi. Ƙofar da yake tsarewa yanzu ta wani ɗakin ajiyar magunguna ce, daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, a cikin 'yar rumfa mai kujera ɗaya, da fanka mai juyawa in ta ga dama, da littafin baƙi da aka ɗaure wa biro da zare.

Mutum ne mai tsoro, amma tsoronsa yana da tsari. Ba ya tsoron ɓarawo sosai, don ɓarawo ba ya zuwa da takarda. Abin da ke kaɗa masa hanta shi ne ambulan mai hatimi, da duk ofishin da za a miƙo masa biro a ce, "Sa hannu nan."

Da hukumar tsaro ta tarayya ta buɗe ɗaukar ma'aikata, saura masa wata huɗu ya cika talatin da biyar, kuma daga talatin da biyar ba a ɗauka. Ya karanta sanarwar sau shida a wayarsa. Ana son takardar tarihin aiki, ba irin mai shafi ɗaya da ake yabon kai a ciki ba. Duk aikin da mutum ya yi cikin shekara goma sai ya jera shi: watan farawa, watan bari, sunan shugabansa da lambar wayarsa, da dalilin barin aikin. A ƙasa an rubuta da baƙin rubutu cewa wanda ya yi ƙarya ko ya ɓoye wani abu ya aikata laifi, kuma ana iya gurfanar da shi a kotu.

Abin da Kofur yake da shi na ɓoyewa ya faru ne shekara tara da suka wuce. Da hukumar ta yi haƙurin shekara ɗaya, da maganar ta fice daga lissafi, da shi ma ya fice.

A lokacin yana gadi a wani kamfanin kayan gini, tare da yayan yarinyar da zai aura. Kamfanin ya hana masu gadi musayar lokacin aiki sai da izinin ofis, ofis kuma ba ya ba da izini. Don haka masu gadi suka samo tasu hanyar: kowa ya sa hannu a gurbinsa na littafi kamar yadda aka tsara, sannan a musanya jiki. Littafi ya ce wane ne a ƙofa, ƙofa kuma ta san wanda ke tsaye. Wata Laraba Yaya ya roƙe shi su musanya, shi ya tsaya da rana a madadin Kofur, Kofur ya tsaya masa washegari. Kofur ya sa hannu a gurbin rana ya tafi wurin kafinta duba gado. Da ƙarfe uku wata babbar mota ta fita da rodi a kan takardar fita ta jabu, ba wanda ya hau ya ƙirga. Aka buɗe littafi, aka ga hannun Kofur. Saura mako uku ɗaurin aurensa. Ya dubi Yaya, Yaya ya dubi takalminsa. Aka sallami Kofur a rubuce, aka sa kwafin wasiƙar a fayil. Yaya ya ci gaba da aiki, kuma da yake ba a taɓa samunsa da laifi ba, yanzu shi ne shugaban masu gadin kamfanin.

Ran Asabar Kofur ya kai rubutunsa shagon buga takardu na bakin titi. Mai shagon mace ce da ta buga wa rabin unguwa tarihin rayuwarsu, kuma ba ta taɓa barin kowa ya fita da tarihin da ya shigo da shi ba.

"Mai gadi? Haba, Malam Kofur," ta ce, tana bugawa ba ta dube shi ba. "Jami'in kula da shige da fice. Mutum nawa ke ƙarƙashinka?"

"Ni kaɗai ne, sai fanka."

"To, ka jagoranci tawaga. Ka iya ninƙaya?"

"Don Allah ki goge. Abin da na rubuta shi za ki buga."

Ta goge tana tsaki, kamar an ce ta zubar da miyar da ta gama. Da ta kai kamfanin kayan gini ta tsaya. Gurbin dalilin barin aiki babu komai a ciki.

"Nan fa? Kowa 'don neman ci gaba' yake sawa. Har wanda aka kora da tsintsiya."

"Bar shi tukuna," ya ce.

Hanya uku ce a gabansa, kuma ya bi kowacce da ƙafa a cikin kansa, yana zaune a rumfar gadi. In ya rubuta cewa don kansa ya bari, wasiƙar sallama tana nan a fayil tana jiran wanda zai buɗe. In ya rubuta abin da wasiƙar ta ce, wace hukuma ce za ta ba da kaki ga wanda mota ta wuce shi da rodi tsakar rana? In kuwa ya rubuta yadda aka yi, lambar wayar da zai sa a gurbin shugaba ta Yaya ce.

Yaya ya zo ran Lahadi da hantsi, don ƙanwarsa ta gaya masa ana neman aiki. Ya zauna a kujerar falo mai kyau, wadda ba ta lotsa ba, ya ɗora makullan babur a gwiwa. Matar Kofur tela ce, kekenta yana lungun falon, ta ci gaba da ɗinki kamar ba ta ji.

"Ƙanena, wannan ai ba abin damuwa ba ne," in ji Yaya. "Ka sa ka bari don kanka. In sun kira, ni za su kira. Zan ce ba mu taɓa yin ma'aikaci irinka ba."

"Fayil fa, Yaya?"

"Wa ke buɗe fayil ɗin shekara tara? Ɓeraye ma sun gaji da shi."

"Waɗannan aikinsu ke nan, buɗe fayil."

Yaya ya yi dariya, ya juya ga ƙanwarsa. "Kin ga mijinki ko? Zai shiga aikin kama ɓarayi, takarda tana ba shi zazzaɓi." Sannan ya rage murya. "Ka dai san ina da 'ya'ya biyar. Ba na son a tono abin da ƙasa ta cinye."

Bayan ya tafi, Kofur ya tsaya a bayan keken ɗinki.

"Ke me kika gani?"

"Ni hannun riga nake haɗawa," ta ce. "Takardarka ce."

Kwana tara gurbin yana nan fayau. Kofur ya rame. Duk motar da ta tsaya a ƙofar ɗakin magunguna da baƙin gilashi sai gabansa ya faɗi, alhali bai ma aika komai ba. Ana saura kwana biyu a rufe karɓa ya koma shagon, ya miƙa wata 'yar takarda da ya naɗe ta sau huɗu. Mai shagon ta karanta a fili, don ba ta iya karatu a zuci ba: "An sallame ni saboda kaya sun fita a lokacin da littafi ya nuna ni ne a ƙofa. Na sa hannu amma ba ni na tsaya ba, mun yi musaya ba da izini ba. Laifina ne sa hannun."

Ta cire tabarau. "Aiki kake nema ko gafara?"

"Buga dai."

Ba jarumta ba ce. Ya auna tsoro biyu ne a sikeli, na Yaya da na baƙin rubutun nan na ƙasan takarda, sai na rubutun ya rinjaya. Bai sa sunan kowa ba, kuma ya lallashi kansa da cewa ya ba kowa haƙƙinsa.

Bayan mako bakwai aka kira shi ganawa. Ofishin yana hawa na biyu, a ƙarshen wani dogon baranda mai benci, inda mutum goma sha biyu suke zaune kowa rungume da ambulan. Duk wanda ya fito ba ya kallon sauran. Da aka kira lambarsa ya miƙe ya shiga.

Jami'ar da ke ciki ta manyanta, tana da furfura a gaban goshi da kofin shayi da ya huce. Takardarsa tana gabanta, an ja wa layi uku jan biro. Ya san layukan ba sai ya leƙa ba.

"Zauna, Malam. Mutum ɗari huɗu na karanta, duk don neman ci gaba suka bar aiki. Kai ne na farko da aka kora."

"Ranki ya daɗe."

"Wa ya tsaya a ƙofar ranar?"

Kofur ya dubi layukan da aka ja wa jan biro. Ya ji agogon bango, ya ji wani yana jan kujera a hawa na sama.

"Ranki ya daɗe, tarihina aka ce in rubuta. Nawa kaɗai."

"Haka ne." Ta buɗe wani shafi. "Mun kira lambar da ka ba mu. Shugaban masu gadin ya ce kai ne a ƙofa ranar, da idonsa ya gan ka. Ya ce kai mutumin kirki ne, sai dai mantuwa." Ta ɗago. "To ka ga, ɗayanku ya yi mana ƙarya, kuma mu ba a yi mana ƙarya kyauta."

Ta turo masa takarda biyu. Ɗaya ta janyewa ce: ya sa hannu ya tafi gida, maganar ta mutu, neman aikin ma ya mutu. Ɗayar ta tabbatarwa ce: ya rubuta sunan wanda ya tsaya, ya sa hannu, su kuma su je su tambayi duk wanda ya yi aiki a ƙofar a shekarar. In aka samu shi ne maƙaryacin, ya san sauran.

Kofur ya dubi takardun. Ya tuna ranar da Yaya ya riƙe masa babban ɗansa a asibiti. Ya tuna kuma cewa Yayan ne ya ce wai da idonsa ya gan shi a ƙofa. Ya ɗauki biron. Jami'ar ta kurɓi shayinta mai sanyi, ba ta taimake shi da komai ba.

Ya jawo ta biyun. Ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, don kada a ce ba a gane ba, ya sa hannu. A gurbin dangantaka ya rubuta: yayan matata. Jami'ar ta karanta, ta dube shi ta saman takardar na ɗan lokaci, ta ce yana iya tafiya.

Bai hau mota ba, da ƙafa ya koma, don ya ja lokaci. Wayarsa ta yi ƙara sau uku a aljihu bai duba ba. Ya samu matarsa tana yanka yadi a ƙasa, almakashi a hannu. Ya tsaya nesa kaɗan da almakashin, ya gaya mata komai, tun daga Larabar nan har zuwa manyan baƙaƙen.

Ta gama yankan layin da ta fara kafin ta yi magana.

"Na sani. Yaya ya gaya wa Innarmu tun kafin aurenmu, ina bayan ƙofa."

"Shekara tara kin sani, ba ki ce komai ba?"

"Kai ma ai ka sani, me ka ce?" Ta naɗe yadin. "Da ka tambaye ni ran nan, so kake in zaɓa maka, in abin ya ɓaci a ce ni ce. Yayana ne. Kai kuma mijina ne. Ban ga wanda zan sayar ba."

Binciken bai ɗauki mako biyu ba. Tsofaffin masu gadi uku aka tambaya, ukun duka suka tuna, don abin da kowa ya sani ne ban da ofis. Kamfanin ya sauke Yaya daga shugabanci ya mayar da shi ƙofar baya. Inna, surukarsa, ta daina amsa gaisuwar Kofur da baki, sai da kai.

Wasiƙar hukuma ta zo saura kwana goma sha ɗaya ya cika talatin da biyar. Ya bar ta a kan firij tun safe har la'asar bai buɗe ba. Matarsa ce ta farke ambulan ɗin da allura, ta karanta: an ɗauke shi, ya je horo ranar ɗaya ga wata.

Ran tafiyar da safe yana ɗaure jaka sai ya ji ƙarar babur a waje. Yaya ne, cikin kakin ƙofar baya, bai kashe injin ba, bai kuma sauko ba. Kofur ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, jakar a ƙirji.

"Ina kwana, Yaya."

Yaya ya mayar da idonsa kan titi.

"Tashar da nisa," ya ce. "Hau. Ba don kai ba, don ita."

Kofur ya hau baya, ya rasa inda zai riƙe, ya riƙe ƙarfen kujera.