Cikin Yaya Rabi da bai tashi ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Yaya Rabi, wadda nake bi uwa ɗaya uba ɗaya. Kaka ce, shekarar da gero ya yi kyau har ana aron rumbu, tafkin Madarunfa kuma ya cika ya taɓa gonakin bakinsa. Gari kowa fuska a sake. Mu kuwa muna zaune gefen tabarmarta muna yi mata fifita.

Masu shekaruna za su tuna ta. Ita ce mai suyar kifi a bakin tasha, wadda direbobin hanyar Ɗan Issa ba sa wucewa sai sun tsaya ta yi musu zagin wasa. Ɗiya guda Allah ya ba ta, Sa'ade, daga nan haihuwa ta tsaya. Shi ya sa da cikinta ya fara tasowa, unguwa gaba ɗaya ta taya ta murna.

Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Tsofaffi suka ce cikin kwanciya ya yi, yaro na barci, sai an tashe shi. Haka muka taso muna ji. An jiƙa sassaƙe, an sha rubutu, an yi turare. Jini na zuba, ana cewa juyi yake yi. Da jiri ya fara kayar da ita a gaban kasko, muka kai ta Maraɗi. Likita ya ce ba ciki ba ne, ƙari ne ya fito a mahaifa, sai an yi aiki an cire. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce da ni, "Tashi mu tahi. Ba mai sa wa ɗana wuƙa ina da rai." Ba mu sake komawa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma har yau bakina bai iya kiran abin da ta yi wauta ba.

Abin da ya sa na yi wannan rubutu bana, da ɗan hannuna na yaƙi da jahilci, Sa'ade ce. Ni na riƙe ta bayan uwarta, na aurar da ita a garin Gabi. Bara cikinta ya taso, jini kuma ya ƙi tsayawa. Uwar mijinta, mace mai kirki wallahi, ta ce gado ne, a bar shi zai tashi. Sai dai yau ba jiya ba ce. Ungozomar matanite, wato asibitin haihuwa, ta tura su hoto, aka ɗora na'ura a marar Sa'ade, ta gani da idonta: ba kai, ba hannu, ba zuciya mai bugawa. Likitar, wadda ita ma mace ce, ta ce tun da an zo da wuri ana iya cire ƙarin a bar mahaifar. Haihuwa dai ba ta yi alkawari ba, ta ce wannan na Allah ne.

Duk da haka Sa'ade ta dawo gidana ta zauna, ta ƙi komawa asibiti. Tana ramewa ina kallo. Ban matsa mata ba. Wata rana muna ɓarar wake ta ce, "Inna, da Iya na nan, mi za ta ce?"

Na ce, "Ke mi kike gani?"

"Cewa za ta yi in haƙura. Ai ta hi son na ciki da ni. Ko sunana ban taɓa ji a bakinta ba."

Na ajiye waken da ke hannuna. Sa'ade 'yar fari ce, matan zamaninmu kuwa ba ma faɗin sunan ɗan fari, ba ma yi masa wasa a gaban mutane. Ashe yarinya ta girma da wannan a ranta.

Na ce, "Tsokar tsakiyar kifi, wa take ɓoye wa a ƙarƙashin faifai ta ce in miƙa wa 'waccan'? Ba ke ba? Uwarki ba wuƙa ta ji tsoro ba. Ɗa take karewa, don ta ɗauka akwai ɗa. Yau ɗan da ke akwai ke ce. Da tana nan, da kunne za ta ja ki har cikin mota."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Bayan Juma'a muka tafi.

An yi aikin a farkon kakar nan. Mijinta ya ba da jini. Da aka nuna wa uwar mijin abin da aka cire a cikin tasa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ashe nama ne." Gani ya kori ji.

Yaya Rabi ba ta bar gona ba, ba ta bar rumbu ba, kaskonta ma tsatsa ta cinye. Abin da ya rage nata shi ne wannan tsayuwa a kan ɗan cikinta, wadda ba ta lanƙwasa. Ita ta kai ta kabari, ita kuma ta kai ɗiyarta gadon likita. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Washegarin aikin da safe, ma'aikaciya ta ce sai Sa'ade ta taka ƙasa, kwanciya ba ta warkarwa. Na sa kafaɗata a hammatarta, muka fita baranda, tana dafe da mara, muna ja kamar masu koyon tafiya. Da muka kai ƙarshe na ce mu juya.

Ta ce, "A'a Inna, mu ƙara gaba kaɗan."